AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: LAIFIN WA NE IN YARON KIYAWA YA KASA JOMETIRI?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko, har ta kai ana faɗarta ba kunya ba tsoron Allah, wai yaran ƙauyukanmu ba su da kan lissafi. Duk shekara in sakamakon jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare ya fito, sai ka ga an taɓe baki ana cewa ai dama an sani. Wasu ma sukan ƙara da cewa laifin Hausa ne, wai ita ce ta toshe wa yaran basira. To, ni na ce wannan magana ƙarya ce, kuma zan kafa hujjata da darasi guda ɗaya tak, watau darasin sunayen siffofi da awonsu wanda ake kira jometiri, da kuma gari guda ɗaya, watau Kiyawa ta masarautar Dutse a Jihar Jigawa. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Shuwarin ta nufi Azare, kuma ba wata tazara ce tsakaninsa da Jami'ar Tarayya ta Dutse ba. Abin da ke samun yaron Kiyawa shi ne ke samun na Jahun da na Birnin Kudu da na Gwaram.

Bari mu fara da shi yaron. Ɗan shekara goma sha biyu ne ko sha uku, ya fito daga Andaza ko Katanga ko Balago, ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Me ya sani kafin ya taka ƙofar ajin? Ya ga yadda ake fitar da harsashin ɗakin kago ko na rumbu: a kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya, a ɗaura tsinke a ɗaya bakin, a ja shi a ƙasa har ya komo inda ya faro. Ya ɗaure akuya a turke, ya kuma san cewa in ya ƙara mata tsawon igiya, ciyawar da za ta kai gare ta ta ƙaru ta kowace fuska. Ya yi huɗa da shanu, ya san in kunya biyu suka gamu a tsakiyar gona to mai riƙe da garma ya yi ɓarna, kuma zai sha faɗa. Yarinya kuwa ta ga faifai yana tasowa daga cibiya yana faɗaɗa zagaye bayan zagaye, ta ga ana yanka alwatika a saka a riga, ta san bambancin siffar malfa da ta gwangwani da ta ƙwallo. Ashe da'ira da cibiyarta da igiyarta, da layukan da ba su gamuwa, da siffa mai kusurwa uku, duk suna cikin kan waɗannan yara tun ba su san hanyar makaranta ba. Suna kawai ya rage a ba su, da ƙa'idar da za ta ɗaure abin da suka riga suka sani.

To, me ake ba su in sun shiga ajin? Malam ya juya wa yara baya, ya cika allo da Turanci, sa'an nan ya juyo ya ce kowa ya maimaita. Sai aji ya ɗauki kara: ferimita, dayamita, rediyos, faralal, aisosilis, hayifotinus. A bi kowace kalma da ma'anarta, ita ma cikin dogon Turanci, a kwafa a littafi, a hardace. Yaron da har yanzu bai iya tambayar izinin fita fitsari da Turanci ba sai ya haɗa da nuni, shi ake so ya gane kalmar da ba ta Turanci ba ma, ta hanyar bayanin da aka yi da Turanci. Kaya biyu ke nan aka aza masa a ka a lokaci guda, ga baƙon harshe, ga sabon ilmi. In ya durƙushe sai a ce rago ne. Ranar jarrabawa kuwa a zana masa da'ira a ce ya nemo rediyos, ya yi zuru, alhali in da an ce masa nuna mini igiyar turken, da tuni ya ɗora yatsa a kai.

Na ce kalmomin nan ba na Turanci ba ne, kuma ga bayani. Mafi yawansu na Girkanci ne, saura na Latin, kuma a bakin masu su kalmomin gida ne, irin waɗanda ake ji a kasuwa. Ita kanta jometiri ma'anarta awon ƙasa. Ferimita, awon kewaye. Dayamita, awon da ya ratsa. Faralal, kusa da juna, wannan a gefen wancan. Aisosilis, wadda ke firgita yaranmu kamar sunan aljani, ma'anarta ƙafafu daidai, watau alwatikar da ƙafafunta biyu tsawonsu ɗaya. Hayifotinus, abin da ya miƙe a ƙarƙashi. Tirafiziyam, ɗan tebur. Rediyos kuwa a Latin sanda ce, irin wadda ta tashi daga cibiyar ƙafar karusa zuwa bakinta. Jama'a, ku duba wannan abu da idon basira. Yaron Girka da aka ce wa ƙafafu daidai, nan take ya ga hoton abin a zuciyarsa. Malaman da suka kafa wannan ilmi da harshen iyayensu suka kafa shi, da ƙafa da tebur da sanda. Sai mu ne aka ce namu ƙafar da namu teburin ba su isa shiga aji ba.

Kuma tarihin wannan ilmi kaf tarihin fassara ne. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya tsara littafinsa a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A Bagadaza, zamanin Haruna Rashid, Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya juya shi zuwa Larabci, kuma kada a ɗauka Hajjajun nan ne gwamnan Iraƙi da aka sani, wani ne daban. Larabawa ba su tilasta wa 'ya'yansu hardace Girkanci ba. Suka ce musallas, abu mai uku, suka ce murabba'i, abu mai huɗu, suka ce da'ira, abin da ya kewaya, suka ce zawiya, watau kusurwa, kalmar nan dai da muke kiran mazaunin 'yan ɗariƙa da ita. A ƙarni na 12 wani Bature mai suna Adelard, mutumin Bath a Ingila, ya ɗauko littafin daga Larabci ya mayar da shi Latin. Turancin da ake yi mana barazana da shi bai sami cikakken Yuklid ba sai a 1570, a fassarar Henry Billingsley. Kafin nan ma, a 1551, Robert Recorde, mutumin da ya ƙago alamar daidai da muke rubutawa a lissafi, ya yi ƙoƙarin ba siffofin nan sunaye na Turancin talakawa don mutanensa su gane. Jamusawa har gobe Dreieck suke cewa, watau kusurwa uku. Waswahili a Tanzaniya pembetatu suke cewa, ma'anar dai ɗaya ce. Kowace al'umma da ta ci moriyar wannan ilmi sai da ta sa masa rigar gidanta.

Sai wani ya ce ai Hausa ba ta da kalmomin. Wannan ita ce maganar wanda ya daɗe bai zauna da magina da maɗinka ba. Muna da kusurwa, muna da gefe, muna da layi da ɗigo. Muna da tsawo da faɗi da tsayi da zurfi da kauri, kalmomi biyar kowacce da gurbinta. Muna da kewaye, muna da cibiya, muna da da'ira da murabba'i waɗanda kakanninmu suka aro daga Larabci suka zama namu. Muna da alwatika daga hannun maɗinka, muna da dala wadda duk wanda ya ji labarin gyaɗar Kano ya san siffarta, muna da mazurari, muna da bakan gizo daga hannun magina. Muna da kamu da gaba da taki na awo. Inda kalma ta rasa kuwa, mene ne wuya a ce alwatika mai ƙafafu daidai, ko a ce layin da ya ratsa cibiya? Ai haka Girkawa suka yi, ba su yi wani tsafi ba.

Mu ne jikokin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, da ƙasa da azara, ya ɗaura bakan gizo ya aza tulluwa a kansu, har masana gine-gine na ƙasashen waje suka rubuta littattafai a kan aikinsa. Da wane harshe ya riƙa ba yaransa umurni in ba da Hausa ba? Daga ƙasar nan Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya fito, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Ko Turawan mulkin mallaka, da suka so a auna gonakin ƙasar Kano don yanka haraji, lokacin Dutse na ƙarƙashin Kano, malaman taki suka horar, 'ya'yan ƙasa, suna auna tsawo da faɗi da ƙafa suna fitar da girman gona. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma da Hausa ta koyar. Watau Bature, da yake kuɗinsa yake nema, ya yarda Hausa za ta iya ɗaukar awon ƙasa. Sai da mulki ya dawo hannunmu muka gano wai ba za ta iya ba!

Kada wani ya ɗauka wannan gardama ce ta masu son harshe kawai. Dukiyar talaka ce a ciki. Ɗauki gonaki biyu. Ɗaya tsawonta taki 40, faɗinta taki 10. Ɗaya kuwa taki 25 ta kowane gefe. In ka kewaya kowacce taki 100 za ka yi, amma girman filin ta farko 400 ne, na ta biyu 625. Wanda bai rarrabe kewaye da girman fili ba, ranar rabon gado zai karɓi ta farko yana godiya. Ɗauki fuloti kuma. Mai ƙafa 100 tsawo da 100 faɗi, murabba'in ƙafa 10,000 ne. Mai ƙafa 50 da 50 kuwa 2,500 ne, watau rubu'insa. Amma mutum nawa ne za a ce wa ga rabin wancan, su biya kuɗin rabi, don sun ji hamsin rabin ɗari ce? Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991 ake yanka gonakin kewayenta ana mayarwa fulotai, kuma cinikin yana bin bakin titi. Yaron da ya hardace ferimita da eriya da Turanci bai san abin da suke nufi ba, yana tsaye za a cuci ubansa. Bayan wannan kuma, wanda ya tsani lissafi tun daga aji ɗaya, an rufe masa ƙofar likitanci da injiniyanci da awon ƙasa da zanen gine-gine tun bai san akwai su ba. Daga baya mu zo muna kuka wai ba mu da ƙwararru 'yan jiha.

Yanzu sai mu juya ga hukuma. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro a firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, sa'an nan a koma Turanci daga baya. Tun kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun gwada koyar da yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, lissafi da kimiyya duka, Turanci kuwa a matsayin darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su koma baya ba, har a Turancin ma. A Nuwamba 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana Ministan Ilmi, ta amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare. Shekara uku kacal bayan haka, a Nuwamba 2025, Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko, bisa hujjar cewa yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne ke yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Mu yi ɗan lissafi, tun da zancen lissafi ake. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a 2022 ba zai zauna WAEC ba sai wajen 2034. Ta yaya manufar da yaranta ba su ko gama firamare ba za ta kayar da waɗanda suka gama sakandare? In kuwa ana nufin tsohuwar manufa ce, to a tambayi malaman lissafi na Kiyawa: da wane harshe aka rubuta littafin da ke hannunsu? Da wane harshe aka horar da su a kwaleji? Da wane harshe ake rubutu a allo, da wanne ake jarrabawa? Amsar duka Turanci ce. Hausar da ke shiga ajin ita ce wadda malami ke tsomawa nan da can in ya ga idanun yara sun yi fari, ba shiri, ba littafi, ba daidaitattun kalmomi, kowa da irin tasa. Wannan ba shi ne koyarwa da harshen uwa ba, ceton rai ne kawai. An hana Hausa littafi, an hana ta malami, an hana ta jarrabawa, sa'an nan an kama ta da laifin faɗuwar yara. In wannan ba barin jaki a daki taiki ba ne, to mene ne?

Na san abin da masu ja za su ce. Za su ce ai jarrabawa da Turanci ake yi, jami'a ma haka. Gaskiya ne, kuma ban ce a kori Turanci ba. Cewa na yi a fara da gane abu, sa'an nan a ba shi sunansa na Turanci. A fitar da yara fili da turke da igiya su zana da'ira. A ba su zare su auna kewayen faifai da na murfin tukunya da na bakin bokiti, su auna layin da ya ratsa cibiyar kowanne, su gano da kansu cewa kullum kewayen ya ninka shi sau uku da ɗan ɗori. Ranar da aka rubuta musu 22 bisa 7 a allo, tsohon sani za su gani. A ba su takarda su yanka alwatika, su yage kusurwoyinta uku su jera, su ga sun ba da miƙaƙƙen layi. A ɗauko igiya a yi mata alama a kamu 3 da 4 da 5, a ja ta a ƙasa a fitar da kusurwar ɗaki yadda magina da yawa ke yi. Gani ya kori ji. Yaron da ya riga ya riƙe ma'ana, kalmar Turanci ba ta fi laƙabi ba a wurinsa, a kwana biyu zai riƙe ta. Wanda ya riƙe laƙabi ba ma'ana kuwa, da an juya masa zanen a takardar jarrabawa ya ɓace. Za su kuma ce ai ba kowane yaro ne Bahaushe ba, akwai 'ya'yan Fulani da na baƙi. To, haƙƙin da nake nema wa mai jin Hausa shi nake nema wa mai jin Fulatanci. Amma a ajin Kiyawa, tsakanin Hausa da Turanci, wanne ne ya fi kusa da kunnen ɗan Fulanin da ke cin kasuwar Shuwarin? Kowa ya san amsa.

Sauran magana ta rage, kuma ta gida ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A shekarun 1980 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sa an tattara kalmomin lissafi da kimiyya na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace, wanda ya ba nazarin harshe da adabi kalmominsu. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Duk aiki ne na a yaba. Amma ina suke? Suna kan kanta a ɗakunan karatu na jami'o'i, ƙura tana cin su, malamin lissafi na ƙauye kuwa yana can yana laluben kalma a gaban yara. Kowace shekara ana rubuta kundayen digiri a kan salon mawaƙa da hikimar karin magana, abin kirki ne, amma kundi nawa aka rubuta a kan yadda za a ce wa yaro kusurwa ta buɗe ko ta tsuke? Sashen Hausa da sashen lissafi suna harabar jami'a ɗaya, sai ka ce kishiyoyi, ba mai leƙa ɗakin wani. Su kuma masu ƙirƙirar kalmomi, wasunsu sai su kulle kansu a ɗakin taro su haifo kalma mai tsawon gaba biyu wadda ko su ba za su iya maimaita ta gobe ba, alhali magini da masaƙi da maɗinki suna nan da kalmar da aka yi shekaru ɗaruruwa ana amfani da ita.

Saboda haka ga kiran da nake yi. Na farko, wannan ƙungiya tamu ta gayyaci ɗaliban lissafi da na koyon aikin malanta, a zauna a fitar da kalmomin jometiri na aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, waɗanda yawansu ba zai gagari zama kaɗan ba. A fara duba abin da magabata suka riga suka tattara, kada a sake aikin da an gama. Na biyu, kafin a amince da kowace kalma a kai ta wurin magina da maɗinka, a kuma gwada ta a kan yara. Wadda yaro ya ji ya nuna abin da yatsa, ta zauna. Wadda sai an yi mata bayani kamar ta Girkanci, a jefar. Na uku, a buga su a 'yar takarda, Hausa a gefe, Turanci a gefe, zane a tsakiya, duk ɗalibin da zai tafi hutu ko koyarwar gwaji ya kai wa malamin lissafi na garinsu. Na huɗu, Kwalejin Ilmi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse su koya wa malaman gobe yadda ake bayani da harsuna biyu bisa tsari. Na biyar, hukumomin ilmi na Jihar Jigawa su sani cewa ko da Abuja ta ce Turanci ne harshen koyarwa, ba wanda zai ɗaure malami don ya fahimtar da yaro, su kuma tsaya wa malaman da ke yin haka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke aji ɗaya a Kiyawa bana ba za su jira a gama gardamar manufa a Abuja ba, shekara uku kawai gare su kafin jarrabawa ta yanke musu hukunci. Mu da muka sami zarafin zuwa jami'a da harshen nan a bakinmu, a wuyanmu nauyin yake. Wanda ke ganin na yi kuskure, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya zo da hujjarsa mu gani.

Allah ya sa mu dace, amin.